Layin Baffa Muhammadu Lawal

Duk wanda ya taɓa kai gyaran waya bakin tashar Kazaure ya san Musaddiƙ, dogon Bafulatanin nan na Roni mai yawan wa'azi ba na addini ba. A gidansu kiwo aka gada, amma shi tun yana ƙarami ya nuna saniya ba ta gabansa. Ya ɗan taɓa acaɓa, ya faɗi da wata mai jego a hanyar Gwiwa, ya haƙura ya koma koyon gyaran waya.

Da aka shiga yayin kirifto, kuɗin intanet ɗin nan da ba a taɓa shi da hannu, lokacin da kowane saurayi ke dangwalar waya har yatsa ya yi kanta, sai Musaddiƙ ya buɗe shafi a intanet, ya sa masa suna Zauren Manoman Waya. A nan yake bayyana wa mutane wanne ne na gaske, wanne ne na 'yan damfara. Karatunsa ɗaya ne kullum, wai a wannan harka ko uwarka ba ka yarda da ita. Jama'a suka yi ta shiga daga Babura har Acilafiya. Bai yi kuɗi ba, amma ya yi suna, kuma sunan nan ya fi masa komai daɗi.

To, ɗalibai sun riƙe karatu. Wata rana Hussain, mai shagon caji a Babura, ɗaya daga cikin masu taya shi kula da shafin, ya tambaya a bainar jama'a: tunda ba a yarda da kowa, me ya sa za a yarda da Musaddiƙ? In ya sayar da su fa? Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai.

Aka yi taro, aka warware matsalar kamar yadda kowace ƙungiya a ƙasar nan take yi, wato aka nemi uban ƙungiya. Aka zaɓi Baffa Muhammadu Lawal na Gwiwa, ƙanin mahaifin Musaddiƙ, dattijon da ake ba shi kiwon shanu shekara da shekaru ba a taɓa jin ko kunnen maraƙi ya ɓata ba. Aka mayar da mallakar shafin kan layin wayarsa, wata 'yar ƙarama mai tocila da yake ɗaurewa da roba. Duk mai son canza wani abu babba, sai an turo lambar sirri ta wannan layi. Baffa ya sa albarka, ya tambaya ko abin yana cin dusa.

Shafin bai taɓa samun zaman lafiya irin na lokacin ba. Mai shi bai ma san mene ne shi ba, balle ya ci amana.

Bayan kaka biyu Allah ya yi wa Baffa rasuwa. Ranar rabon gado Musaddiƙ yana zaune a wurin, yana gani aka haɗa wayar da bargo da tunkiya ɗaya cikin rabon Inno, matar marigayin. Ina ɗan Fulani zai buɗe baki a gaban manya, ana cikin jimami, ya ce a ba shi layin baffansa? Ya ce a ransa bari Inno ta fita takaba tukuna.

Da ta fita, ya sayi sukari da sabulu ya tafi Gwiwa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye kan damina da lafiyar shanu, sannan ya ambaci wayar. Inno ta ɗauko ta daga cikin kwalla, a naɗe da ƙyalle, tsaf kamar yadda aka ba ta. Ya buɗe bayanta, babu layi.

"Ai abokinka Hussain ya karɓa, ɗan albarkan nan na Babura," in ji Inno. "Tun sadakar bakwai. Ya ce ku kuka aiko shi. Ka ga har turmin atamfa ya kawo mini."

Musaddiƙ ya yi godiya, ya ce ba komai, ya sha furar da aka dama masa don kada a gane.

Kafin ya isa Kazaure labarin zuwansa Gwiwa ya riga shi, an cire shi daga shafin. A saman shafin da ya gina da hannunsa an manna sanarwa cewa a yi hattara da wani ɗan damfara mai kiran kansa wanda ya kafa Zauren. Har da hotonsa, wanda ya ɗauka ranar sallah da sabuwar hula.

Yana nan a rumfarsa har yau, ya rage surutu. Makon jiya wani magidanci daga Roni ya kawo masa waya, yana jira a canza gilashi sai ya ba shi shawara ya shiga Zauren Manoman Waya, wai nan ne kaɗai ake da amana. Musaddiƙ bai ɗago kai ba, ya ce ya nema, ba a karɓe shi ba tukuna.