Kason Ƙarshe na Malam Ɗalhatu Nahuce

Haihuwa da asali

An haifi Malam Ɗalhatu a garin Nahuce ta ƙasar Bunguɗu a daminar shekarar 1969. Mahaifinsa, Malam Attahiru, manomin gero ne da aka sani da kyawun iri har garuruwan Rawayya da Mada, mahaifiyarsa kuwa Inna Indo mutuniyar Rawayya ce. Ɗalhatu ya tashi yana ganin mahaifinsa kowace kaka yana raba mafi kyawun irinsa ga gidajen maƙwabta, al'adar da a lokacin ya ɗauka asara ce kawai.

Karatu da aiki

Bayan karatun allo, an sa shi firamare a 1976, ya wuce kwalejin horon malamai ta Gusau a 1982, inda ya yi suna wajen zane, har malamai suka gaji da ƙwace masa alli. A 1988 aka tura shi koyarwa Tsafe, daga bisani ya ƙaro ilimin aikin gona a Sakkwato, sannan a 2001 aka dawo da shi Gusau, sashen shirya kayan koyarwa. A nan ya fara taɓa kwamfuta, ya kuma kamu da son wata manhaja mai suna Filash, mallakar wani kamfani na ƙasar waje, wadda ke sa zane ya yi motsi ya yi magana.

Aure da iyali

A 1993 ya auri Malama Hanatu, 'yar wani ɗan kasuwar hatsi a Tsafe, mace mai haƙuri da kaifin baki daidai gwargwado. Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar. Ita ce takan ce da ta san za ta zauna da mutumin da ke hira da akwatin gilashi, da ta nemi a ƙara mata sadaki.

Rumbun Magabata

Daga 2004 zuwa 2008 Malam Ɗalhatu ya riƙa hawa babur duk ƙarshen mako yana zagaya Nahuce da Rawayya da Mada da ƙauyukan Tsafe, yana ɗaukar muryoyin tsofaffin manoma a kaset, suna bayanin alamun faɗuwar damina, da sunayen irin dawa da maiwa na gargajiya, da dabarun adana hatsi. Kowace murya sai ya zana mata hotuna masu motsi a Filash. Ya tara darussa arba'in da ɗoriya, ya ɗora su a shafin intanet da ya sa wa suna Rumbun Magabata, kuma ɗalibai suka riƙa cika shagunan intanet na Gusau domin su ji kakanninsu suna magana. Cikin darussan akwai na mahaifinsa, wanda ya rasu a 2009.

Sai dai ya yi wani kuskure irin na mutanen zamanin kaset. Da zarar murya ta shiga kwamfuta, sai ya ga kaset ɗin ya gama aikinsa, azumi na zuwa ya ɗauki tafsiri a kansa, kamar yadda kowane gida ke yi. Da kuma tsohuwar kwamfutarsa ta ƙone a 2011, ba abin da ya rage sai darussan da ke shafin, waɗanda ba sa buɗuwa sai mutum ya saka Filash a burauzarsa, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Muryoyin dattawan, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, suka zama ba su da wani mazauni a duniya sai wannan.

Sauyin zamani

Sannu a hankali shagunan intanet suka mutu, kowa ya koma waya, wayoyin kuwa ba su san Filash ba. Duniya ta karkata ga buɗaɗɗun ƙa'idojin yanar gizo, musamman HTML5, waɗanda ba mallakar kowa ba ne, kuma kowace burauza ke karanta su ba tare da an ƙara mata komai ba. Malam Ɗalhatu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai taurin kai, ya ce yayi ne zai wuce. Ko da kamfanin ya sanar a watan Yulin 2017 cewa zai daina kula da Filash a ƙarshen 2020, bai motsa ba, domin yana ganin ƙasƙanci ne gwani irinsa ya koma ɗan koyo.

Babbar 'yarsa Juwairiyya, wadda ta karanta kimiyyar kwamfuta a Gusau, ita ta karya wannan taurin kai a 2018. Iyalan gidan sun ruwaito cewa ta ce masa: "Baba, kai da kanka kaɗ ɗauki Kaka yana cewa iri ba a aje shi ɗaka guda. Ga shi kai ka aje muryoyin duka ɗakin wani, makulli na hannunai, kuma ya ce rufewa za ya yi." Aka ce sai ya ce zanen aro dai ba ya rufe katara, ta jawo kujera ta koya masa.

Shekarun ceto

Gemu ba ya hana ilimi. Yana dab da shekara hamsin ya zauna gaban 'yarsa yana koyon rubuta shafi daga tushe, tana gyara masa, yana gunaguni yana yi. Suka fara ciro muryoyin daga tsofaffin darussan, ya ba da kwafinsu ga makarantu da iyalan masu su. Amma murya kaɗai ba ta wadatar ba, domin dattijo kan ce a dubi wannan zangarniya ko wancan gajimare, sai da zane ake gane abin da yake nufi, zanen kuwa dole a sake shi da hannu ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairun 2021 burauzoji suka daina buɗe Filash, tsohon shafin ya zama fili fetal, shi kuma ciwon suga ya fara cin idanunsa.

Juwairiyya ta sha roƙonsa ya yi darasin mahaifinsa tun yana gani, shi ne kuma abin da ransa ya fi so, domin yakan saurari muryar ya yi hawaye. Amma ya ƙi. Amsarsa kullum ita ce: "Mai rabon nama ba ya fara ɗaukar nashi. Uwayen mutane niɗ ɗauko amana, sai sun fita kahin nau." Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na Baba Sule na Rawayya da na Malam Shehu na Mada da sauransu, yana kusantar da fuska ga gilashin kwamfuta har hancinsa na neman taɓa shi. A ƙarshen 2022 ya kammala na kowa, saura na Malam Attahiru, amma a lokacin ba ya iya bambance gero da dawa a zane. Sai ya riƙa kwatanta wa 'yarsa da baki yadda mahaifinsa ke riƙe ƙwarya, da gidajen da yake shiga.

Rasuwa

Malam Ɗalhatu ya rasu a Gusau ranar Juma'a, 19 ga Rajab 1444, daidai da 10 ga Fabrairu 2023, yana da shekara hamsin da uku. An kai shi Nahuce, aka yi masa sallah bayan La'asar, aka binne shi kusa da mahaifinsa, a gaban ɗimbin ɗalibansa da jikokin dattawan da ya ceto wa muryoyi. Allah ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ya bar matarsa Malama Hanatu da 'ya'ya biyar: Yazid, malamin gona a Bunguɗu, Tajuddeen, ɗan kasuwa a Gusau, Ma'u da Haliru, waɗanda ke karatu, da babbarsu Juwairiyya, wadda ta kammala darasin ƙarshe wata biyu bayan rasuwarsa. A yau kowace waya na buɗe shi, a ga dattijo da ƙwarya yana shiga gidan maƙwabci, a ji muryar Malam Attahiru tana cewa: "Iri ba a aje shi ɗaka guda. Ka ba maƙwabci, in rumbunka ya ƙone ka iske abinka wurinai." Shi kaɗai ne darasin da Malam Ɗalhatu bai gani ba.