Kawu Sale da Waƙafin Maraɗi

Ku da kuka san Kawu Sale ba sai na kwatanta muku jan biron nan ba. Da igiya ya ɗaure shi a wuya kamar laya, da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ta'aziyya. Duk takardar da ta shiga hannunsa sai ta fito da jini-jini. Katin bikina ma bai tsira ba. Na kai masa har Kurfi da murnata, ya karanta, ya sa waƙafi biyu, ya cire aya ɗaya, ya miƙo min.

Na ce, "Kawu, gayyata fa na kawo maka."

Ya ce, "In kin gyara sai ki gayyace ni."

Wallahi sai da aka sake buga masa nasa shi kaɗai. Ya zo, ya ci shinkafa, ya ce gishiri ya yi yawa.

Sai kuma kalmarsa, wadda har yau in an faɗe ta a gidanmu sai wani ya waiga. Ka ce masa bana an yi ruwa sosai, ya ce, "Wa ya auna?" Ka ce wane ya rame, "Wa ya auna?" Ranar da likita ya ce masa jininsa ya hau, ya buɗe baki zai faɗa, likitan ya ce, "Ni na auna, Farfesa." Goggo, matarsa, ta ce kwana biyu yana fushi.

To amma ba wannan nake son ba ku ba. Akwai labarin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba, don nawa abin kunyar ya fi nasa yawa a ciki.

Kun san Kawu likitan dabbobi ne, kuma bayan ya bar koyarwa an sa shi cikin majalisar manyan masana kimiyya ta ƙasa, abin da suke kira akademi. Ƙasashe da yawa kowace tana da irin tata, kuma akwai ƙungiyar da ta haɗa su. In matsala ta shafi kowa, sai kowace akademi ta ba da mutum, a yi ta zama ta kwamfuta, a fitar da shawara guda, kowa ya sa hannu. A wannan karon maganar kaska ce, wadda ta addabi shanu daga nan har Nijar da gaba. Kamar yadda Kawu yake cewa, kaska ba ta nuna fasfo a Jibiya. Tamu akademin Kawu ta tura. Ta Nijar ta tura wani Malam Isufu na Maraɗi, wanda shi ya gwada yadda za a gauraya maganin wankan shanu da ruwa.

Ni kuwa Hausa nake koyarwa a jami'a a Dutsin-Ma, ban san komai kan shanu ba sai fura da nono. Aka ce ana son shawarar da Hausa don a sa a rediyo makiyaya su ji. Kawu ya ba da sunana. Kai, ranar har rawa na taka a ɗaki! Sunana a takarda ɗaya da na farfesoshin ƙasashen da ban taɓa gani ba sai a taswira.

Na fassara, na ɗauki muryata, na aika wa gidan rediyon a Katsina. Aka sa ranar: da ƙarfe uku a yi zaman ƙarshe kowa ya sa hannu, da ƙarfe biyar a watsa. An riga an gaya wa ardoji su tara mutanensu gindin rediyo. Kawu ya ce in kawo masa ta Hausar ya duba, na yi ta kwana-kwana, don na san biron nan. Sai da safiyar ranar na ɗauki takardar na tafi Kurfi ɗauko shi, ina cewa a raina yanzu ai bakin alƙalami ya bushe.

Shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu ce, saboda matsalar tsaro. Ba kira, ba saƙo. Intanet ɗaya da muke da shi na ofishinmu ne, mai faranti a kan rufi.

Na same shi a zaure da amininsa Ardo Bello na wajen Ɗantutture, wanda ya zo gaisuwa. Na durƙusa na gaishe su, na miƙa takarda. Kawu ya fara karatu. Shafi na farko waƙafi uku kawai, har na fara jin daɗi. A shafi na biyu biron ya tsaya cak. Bai yi ja ba, bai yi komai ba. Ni a rayuwata ban taɓa ganin biron nan ya tsaya ba.

Ya ce, "Hadiza, karanta min layin nan."

Na karanta: "A zuba mil dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin na magani a kowace lita ta ruwa."

"Wa ya auna?"

"Kawu, haka yake a ta Turancin. Ga shi: ɗaya, waƙafi, biyu, biyar, sifiri."

Ya miƙe. Ya shiga gida ya fito da kwalbar magani cikakkiya, da wata guntuwa, da kofin ruwa na lita guda, ya jera a gaban Ardo. Ya ce, "Ardo, rediyo ya ce yau ka juye wannan da wannan cikin wannan, ka wanke saniyarka."

Ardo ya kalli kwalaben, ya kalle ni, ya ce, "Hajiya, ai kaskar za ta mutu. Ita da saniyar da mai wankan."

Na ce, "Amma ai kowa zai ga ya yi yawa, ba wanda zai bi."

Ardo ya girgiza kai. "Ba kowa ke da kuɗin kwalba biyu ba, gaskiya ne. Amma in aka ji manyan duniya sun ce dubu, mai hankalin cikinmu sai ya ce bari in sa ɗari. Ɗarin ma ya isa."

Kawu ya ce, "Mutanen Maraɗi da Faransanci suka yi karatu. Inda muke sa ɗigo, su waƙafi suke sawa. Ina zaton mil ɗaya da kwata Isufu yake nufi. Su masana kowa ya gani ya karanta daidai a ransa ya wuce, don sun san abin. Ke ce kaɗai aka sa ki faɗe shi da baki."

"To mu gyara mu ce ɗaya da kwata!"

"Zato na ce miki. Ba na ba makiyayi zato."

Innalillahi! Ƙarfe biyu ta kusa, muryata tana can Katsina cikin na'ura tana jiran ƙarfe biyar, ba kuma yadda za a kira kowa sai mun isa ofis.

Kun dai san Kawu a mota. Idonsa kan allura, da ta haura arba'in sai ya ce a tsaya ya sauka. Ya taɓa sauka a tsakiyar hanyar Kutawa ya ƙarasa a ƙafa, ya riga mu isa don tayarmu ta fashe, kuma bai bar mu mun manta ba har ya rasu. Ranar nan kuwa muna fita Kurfi ya rufe idonsa da hula ya ce, "Taka, ɗiyar nan. Ban gani ba."

Shingen bincike ya ci mana kusan awa. Layi ya yi tsawo, ana sauke kaya ana buɗe buhuna, kowa ya yi tsit, ba mai son a ce ya faɗi wani abu. A gefen hanya an kafa allo da fenti: TSAYA ABINCIKA. Na ga hannun Kawu ya tafi wuya. Na ce a raina shi ke nan, yau a nan za mu yini, zai sauka ya tambayi masu bindiga ina abincin. Sai na ga ya ɗauki hannun nan na dama ya zauna a kansa. Gumi yake yi, leɓensa na motsi. Da muka wuce ya sauke numfashi ya ce, "Allah ya gani, zan dawo."

Uku da rabi muka shiga ofis. Na tura wa mai shirin rediyon saƙo ya dakata, bai buɗe ba. Na kira ta intanet, tana ta ringin ba a ɗauka. Kawu ya zauna gaban kwamfuta, fuskoki sun cika gilashi, har an fara kiran ƙasashe ɗaya bayan ɗaya kowa yana cewa ya amince. Shugabar zaman, wata farfesa mai farin gashi daga wata ƙasa mai nisa, minti biyu take ba kowa, tana riƙe da agogo.

Aka zo kanmu. Kawu ya ce, da Turancinsa na mutanen da, "Ban amince ba."

Shugaba ta ce wata da watanni ana wannan aiki, akademi nawa sun sa hannu, in akwai ƙaramin gyara a aiko daga baya. Kawu ko kallonta bai yi ba. Ya matsa har hancinsa ya cika gilashin, ya juye Hausa:

"Isufu! Kana ji na? Maganin nan, mil nawa a lita? Faɗa min da baki, kamar kana gaya wa Bafulatani a kasuwar Maraɗi."

Daga can aka ce, "Ɗaya da kwata mana, Farfesa. Mi ya faru?"

"Da hannunka ka auna?"

"Da hannuna."

Masu fassara suka rikice, shugaba tana ta cewa a koma Turanci. Ni kuwa na riga na danna ɗaukar murya a wayata ina maimaita layin. Na tura wa mai shirin gyararren. Huɗu da rabi ta gota mai shirin ya buɗe saƙona, ashe salla ya fita. Ya rubuto, "Hajiya, na riga na ɗora waccan." Na ce don girman Allah ya sauke. Sai da na ga ya rubuto "an canza" na tuna ban zauna ba tun shigowarmu.

Da na juyo, Kawu ya gama yi musu bayani. Shugaba ta cire tabarau, ta tambaya a hankali daga wajen wa kuskuren ya fito, don a rubuta. Na san sunana ya ƙare a wannan ƙungiya. Na buɗe baki, Kawu ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Daga wajena. Aikina ne in duba, ban duba da wuri ba. A rubuta Sale."

Jama'a, Kawu Sale! Mutumin da ya yi shekara bai gaisa da limami ba kan musun faɗin filin Idi. Nan take suka yanke cewa daga ranar duk adadin da zai shiga kunnen manomi ko makiyayi a rubuta shi da kalmomi, a kowane harshe, kuma wanda ya auna ya ji shi da kunnensa kafin a watsa.

A mota muka saurari shirin, a bakin ofis. Da muryata ta ce "mil ɗaya da kwata" sai kuka ya ƙwace min. Na ce, "Kawu, ai ni ce. Ni na ƙi kawo maka. Laifina ya fi naka."

Yana kallon gaba ya ce, "Wa ya auna?"

Washegari kuwa ya koma shingen nan da gwangwanin fenti. Ardo ya ce da idonsa ya ga wani mai kaki yana riƙe masa allon.

Da ya rasu bara, saƙonnin ta'aziyya sun zo daga ƙasashen da sai na duba taswira. Na Malam Isufu na ajiye. Shafi guda cur da Hausa, ba aya ba waƙafi ko ɗaya, sai da numfashina ya kusa ƙarewa kafin in kai ƙarshe. A can ƙasa ya rubuta: "Ki yi haƙuri ɗiyata ban sa ba mai duba min ya tafi"

Biron yana hannuna, Goggo ta ba ni ranar uku. Na cire murfin, na daɗe ina kallon takardar, na mayar. Ban iya ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya rufa min asiri ranar nan, Allah ka rufa masa nasa. Ranar awo kuma, ya Rabbi, ka auna masa da rahamarka. Amin.