Farfesa da Gorarsa

Nives, mai sayar da kofi a cibiyar bincike ta bayan garin Trieste, tana ƙare wa wani baƙo kallo. Dogo ne mai furfura, rigarsa a baibai, ya rungume 'yar gora kamar jinjiri. Da gani ba mai duba shi kafin ya fito. Ta san irinsu: shekara biyu suna jiran a ba su kwana uku su yi aiki da na'urar hasken da ke ɗaukar hoton motsin ƙwayar furotin kafin ƙiftawar ido.

Minti goma ya kasa zaɓar burodi.

"Farfesa, ko a kawo na'urar ta nemo motsinka?"

"Samfurin gwajin da na kawo a gorar nan ya lalace a hanya, Malama."

Ta tura masa kofi. "Zauna. Duniya ta daɗe ba hoton nan, kuma ba ta tashi ba."