Sawun Ƙanena a Bakin Tafki

Duk lokacin da na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin ta gindin randa, ƙanena nake tunawa. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, zan faɗa maka yadda abin ya kasance, ba ƙari ba ragi.

A gidanmu na Ɗanzomo ya taso, bai taɓa aza dunduniyarsa a ƙasa ba. A kan yatsu yake tafiya. Idan aka ce ya tsaya, sai ya yi ta tangaɗi kamar karan gero a iska. Ƙarangiya takan cika masa tafin ƙafa bai sani ba, amma a sa masa takalmi, sai kururuwa. Magana kuwa ba ya yi.

Kakarmu ce ta gano dabara. Takan tone rairayin gindin randa, ta binne ƙafafunsa har idon sawu, ta danna da hannu. Nan kaɗai yake tsayawa cak, fuskarsa ta sake.

Mahaifinmu bai so ba. Ya ce mata, "Inna, wurin danshi ba na yaro ba ne. Mutanen ɓoye ke riƙe shi."

Ta ce, "Kai dai Malam, ƙafarsa ce ba ta jin ƙasa sai an matsa mata. Bar shi ya ji."

Da ta rasu, aka mayar da randar ɗaki, aka daɓe wurin.

Damina ta yi nisa, na dawo hutu daga makarantar Mishan, wata rana da hantsi aka neme shi aka rasa. Ni na bi sawun. Yatsu ne kawai, ta bayan rumbuna, ta cikin gonar wake, har bakin tafki. A can cikin laka na ga sawu biyu cikakku, har da dunduniya, a jere daidai, sun nutse sosai. Ya daɗe a tsaye. Gaba da su ruwa ne. Da la'asar aka fito da gawarsa.

Yanzu jikata da ke aikin jinya a Gumel ta ce larurar sunanta otizim, kuma wasu yaran saƙon tafin ƙafarsu ba ya isa ƙwaƙwalwa daidai, shi ya sa tsayuwa ke yi musu wuya. Kakarmu ba ta san ko baƙi ɗaya na karatu ba, ta riga mu sani.

Gidajen yau tayil ne tun daga ƙofa, ruwa kuma a firji. Ban san inda yaro irinsa ke samun tsayawa ba.