Ruwan Teku a Tashar Zuru

Mode mai sayar da ƙanƙara a tashar Zuru ya saba da budurwar nan, ko da yake bai san sunanta ba. Doguwa ce, rana ta gasa mata fuska, ƙafar tabaranta ɗaya ɗaure da zare. Kullum tana zuwa rungume da shuɗiyar kula kamar mai ɗauke da jariri.

Direbobi sun ce digiri na biyu take yi a Legas, tana auna gubar da ke cikin ruwan teku. Ranar da ta ɗebo ruwan gwajinta aka kira ta, mahaifiyarta ba lafiya, sai ta taho da kwalaben. In suka yi ɗumi, aikinta ya lalace. A ganin Mode jinya biyu take yi, ta uwa da ta ruwa.

Yau tana jera ƙanƙara sai wata tsohuwa mai tallar nono ta leƙa kular.

"Ɗiyata, sam mini ruwa, ƙishi ya dame ni."

"Inna, wannan ba na sha ba ne, da gishiri ciki."

"Ruwa da gishiri? Ki dai ce ba ki son ba ni."

Tsohuwar ta juya tana girgiza kai. Budurwar ta rufe kular. Can gefe motar Legas na lodi, saura mutum ɗaya. Ta daɗe tana kallon motar, sannan ta rungumi kular ta nufi hanyar asibiti, ƙanƙarar na ɗiga a bayanta.