Huhun da Ba Goro a Ciki

Ni 'yar Agege ce, jirgin da na sani shi ne na ƙasa. Ya tsaya a tasha, ka ɗaga ƙafa ka shiga, ka ɗaga ƙafa ka fita, kayanka na hannunka. Ban taɓa zaton akwai garin da jirgi zai kai ka kusa, ya nuna maka shi daga nesa, ya bar ka ka san yadda za ka yi ba.

Shekarar da na gama sakandare, wani falken goro ya kawo wa Iya, mahaifiyata, saƙo daga Ankara ta bakin teku, wadda Turawa ke cewa Akra. Ƙanenta ne ke kwance. Kawun nan ban taɓa ganinsa ba, ya bi fatauci tun ba a haife ni ba, ya yi aure can ya zauna. Saƙon gajere ne: "Ka ce wa Yaya ta kawo mini rabona."

Iya ba ta tambayi wane rabo ba. Mahaifinsu ya je Makka da ƙafa, ya dawo da farin alawayyo da ya tsoma a ruwan zamzam, ya yanka wa 'ya'yansa biyu, kowa da likkafaninsa. Kawu ya bar nasa a adakar Iya ranar da zai tafi.

Gidanmu gidan goro ne, kuma a layinmu babu mai ɗaurin huhu kamar Iya. Saboda haka da ta tashi kare abin da ya fi komai daraja a wurinta, yadda ta iya ta yi. Ta naɗe shi a sabon zane, ta jera masa ganyen fita, ta rufe da buhu, ta ɗaure da igiya tamau. Ya fito huhun goro sak, sai dai ƙarami.

Na ce, "Iya, ki sa shi a jaka mana, kamar kowa."

Ta ce, "Ke da makarantar taki, kin taɓa ganin ruwa ya shiga huhun da na ɗaure?"

Ban taɓa gani ba.

Ni aka haɗa ta da ni don ina jin Turanci. Muka bi jirgin ƙasa zuwa tashar Ido, daga nan aka kai mu jirgin ruwa. A fili muka zauna, saman katako, cikin Yarabawa 'yan kasuwa da kwandunansu. Iya ta yi matashi da huhun duk tsawon hanya. Ni amai kawai na yi ta yi.

Da safe aka ce ga Ankara. Na duba ban ga tasha ba, ban ga gada ba. Farar kumfa ce kawai can nesa, da gidaje ƙanana a bayanta. Ashe garin ba shi da wurin da babban jirgi zai raɓa. Kwale-kwale ne ke zuwa, kowanne cike da ƙarti ba riga, suna tuƙi suna waƙa. Mutane kuwa a cikin wani akwatin katako ake saukar da su, mai benci biyu suna kallon juna, an rataye shi a ƙugiyar da ke ɗaga kaya. Kujerar mami suke ce masa. A ɗaga ka sama, a juya da kai bisa teku, a zura ka ƙasa kamar guga.

Da layi ya zo kanmu, shugaban ma'aikatan ya sa ƙafa ya tare huhun. Ya ce mutum da jakarsa su ke shiga kujera, haja kuwa a raga take sauka.

Na ce masa da Turanci ba haja ba ce.

Ya yi dariya, ya juya ga mutanensa. Wai ku zo ku ga masu kawo goro ƙasar goro. Suka bushe da dariya. Na ce, "Oga, ba goro ba ne, tufafi ne, kuma ba shi da nauyi. Ɗaga ka ji." Ya ce in tufafi ne a kwance ya gani.

Na juya na ce, "Iya, kwance. Minti ɗaya ne."

Ta dube ni kamar na zage ta. "In buɗe likkafanin ƙanena yana da rai? A nan, kan wannan ƙazantar, ƙarti na kallo? Kira masa mutuwa zan yi?"

"Iya, ko kusurwa ɗaya."

"Ban yi."

Na yi faɗa da Turanci, na yi da Yarabanci, na bayanmu suna ta ihu mu ba su wuri. Mutumin ya ce kada mu damu, raga na biye da mu, kafin mu share ruwan fuskarmu kayan sun iso. Ya ɗauki huhun da hannu ɗaya ya jefa kan tsibin buhuna. Iya ta bi shi da ido, leɓenta na motsi.

Ba zan ce ga yadda saukar ta kasance ba, don idona a rufe yake. Na dai ji cikina ya rage a sama, na ji ƙasan akwatin ya bugi kwale-kwale, hannuwa suka fizge mu. Wajen gaɓa teku ta ɗaga mu ta yi ta gudu da mu. Inda kwale-kwalen ya tsaya ruwa ya kai ƙirji, sai matuƙan suka shiga ɗaukar mutane a kafaɗa. Iya, wadda ko mai awo ba ta yarda hannunsa ya taɓa nata, wani ƙato ya saɓa ta kamar buhun gero yana cewa, "Mama, riƙe kaina!" Wuyanta a juye yake, tana kallon jirgi.

Muka zauna kan yashi muna jira. Teku ta ƙara haukacewa. Kafin azahar aka jawo kwale-kwalen duka bisa tudu, aka ce yau ba sauran sauke kaya, sai ruwa ya kwanta.

Kawu muka same shi a wani ɗaki a zango, ya rame har ba wanda zai ce ɗan'uwan Iya ne sai ta goshi. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi ko ni wace ce ba.

"Yaya, kin kawo?"

"Na kawo. Yana jirgi, gobe za a sauke."

"Kin ɗaure shi da kyau?"

"Kai ma ka sani."

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce har yanzu yana tuna ƙamshinsa.

Washegari da hantsi ya cika. Ruwa bai kwanta ba. Na ruga bakin teku, na roƙi duk wanda na ga ya sa hula mai baki irin ta ma'aikata, ba wanda ya iya komai. Limamin zango ya ce gawa ba ta jiran jirgi, kuma gaskiyarsa. Aka sayo alawayyo a kasuwa. Sa'ad da maza suka ɗauki Kawu, ni da Iya muna tsaye a bakin hanya, ta ƙarshen layin kuwa ana hango jirgin zaune bisa ruwa, hayaƙinsa na tashi.

Bayan an yi sadakar uku huhun ya fito. Buhun ya jiƙe sharkaf, ya yi farin gishiri. Iya ta kwance shi a ɗaki, ita da ni. Ko ɗigo bai ratsa ganyen ba. Alawayyon fari fat, busasshe. Da ma ya jiƙe, da na sami wanda zan zaga.

Da za mu dawo, a cinyarta ta riƙe shi cikin kujerar, naɗe a zane kawai. Ba wanda ya ko dube shi.

Yanzu guda biyu ne a adakarta. Kwanan baya ta kira ni ta nuna mini nata, na hagu, don kada a yi kuskure ranar da ba ta da bakin magana. Na ce, "To ɗayan fa? Ga mutane nan suna mutuwa ba su da ko ƙyalle."

Ta mayar da murfin adaka. Ta ce, "Nasa ne."