Farcen Mai Haɗa Layi

Mutumin da kamfani ya turo daga Kano don haɗa wa Jumai layin waya da intanet a sabon shagonta na buga takardu a Rano yana da dogon farce a ɗan ƙaramin yatsansa, ya rine jawur da goro. Tun shigowarsa idonta ke kan farcen nan. Da shi yake ƙwaƙular kunne, ya duba abin da ya fito, ya shafe a wando. Da shi yake sakace. Da shi kuma yake fere bawon waya, yana bugun ƙirji wai ya fi reza kaifi.

Rigarsa ta sha guga, takalminsa na sheƙi, kuma da takalmin nan yake tsaye kan daddumar sallarta yana buga ƙusa a bango. Jumai na rayawa a ranta: ko dai gwauro ne, ko kuwa matarsa ta gaji da magana ta zuba masa ido.

Aiki kam ya iya. Fitilun na'urar duk sun kawo kore. Ya ɗaga kan wayar tebur, ya tofa masa yawu, ya goge da yatsa, ya miƙo mata.

"Hajiya, bismillah, ke za ki fara kira."

Dama ta yi wa Innarta da ke Fammar alkawarin ita za ta fara kira da layin. Ta dubi jan ɗigon da ke bakin wayar.

"Ajiye nan, Malam," ta ce. "Inna ta jira shagon nan shekara uku, ba za ta ƙi jiran sabulu ba."